Kofin Ɗan Maraƙi Mai Kai Biyu

Shekara goma sha tara matata Verna tana gasa ƙananan kek irin na marigayiya mahaifiyarta, shekara goma sha tara kuma yayarta Opal tana gutsira ta ce, "Ba laifi. Amma ba na Mama ba ne."

Bana Opal za ta cika tamanin. Verna ta rantse ko sau ɗaya sai ta ji yabo daga bakin nan kafin a kai ɗayarsu makabartar Millbrook.

Ni dai makaranta ban yi nisa ba, amma ina karanta duk takardar da iska ta kawo. A wata tsohuwar jarida na ga cewa matan dā ba su da ma'auni. Kofin shayi suke ɗauka su auna: man shanu ɗaya, sukari biyu, fulawa uku, ƙwai huɗu. Wasu ma a cikin kofunan suke gasawa. Na yini a baranda ina tunanin abin, har na manta ban bai wa kaji ruwa ba.

Na shiga kicin na ce, "Verna, ƙwai ai ƙwai ne, kaza ba ta sauya hali ba. Kofi ne ke sauyawa."

"Delbert, fita mini daga nan da tatsuniyarka."

"Da wane kofi tsohuwa take awo?"

Ta tsaya, ludayi a hannu. Ta ciro katin da uwarta ta rubuta haɗin, wanda ya sha maiƙo har haske na ratsa shi. A kusurwa akwai wani ɗan zane da muka daɗe muna ɗauka gizo-gizo ne. Na sa tabarau na duba. Ɗan maraƙi ne mai kai biyu.



Na san kofin. Tsohuwa ta samo shi a bajekolin gona na shekarar da aka nuna maraƙin, hotonsa na jiki. Ranar da ake rabon kayanta kowa na wawar bargo da agogo, ni kuwa shi na sa a aljihu, don ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Tun daga ranar, a cikinsa haƙorana na roba suke hutawa, can bayan kwalaben magani a banɗaki.

Na je na ɗauko shi, na ajiye a gabanta. Ruwa na ɗiga.

"Me ke jiƙe a ciki haka?"

Na yi murmushi, na nuna mata haƙorana da yatsa.

"Kai! Tsohon banza! Shekara goma sha tara ina shan gori, ashe gadon uwata na can yana gadin haƙoranka!"

Sau uku ta tafasa shi, har na ji tsoron kada maraƙin ya rasa kai ɗaya. Sannan ta auna. Ashe ya fi kofin awo na kanti girma da kusan rabi. Ƙullun ya yi kauri, ƙamshi ya cika gida, Verna ta zauna a kujera.

Ran Lahadi bayan coci Opal ta iso da sandarta. Ta dube ni ta ce, "Har yanzu kana raye, sarkin mafarki?"

"Ina jiran ki yi gaba, Yaya."

Ta ɗauki kek ɗaya, ta shinshina, ta gutsira. Ta daɗe tana taunawa.

"Verna," ta ce, "wannan na Mama ne."

Verna ta juya tana goge teburin da ba shi da datti. A nan Opal ta hango kofin a kan kantar kicin.

"Maraƙin Mama! Ina ya shiga duk shekarun nan?"

Na buɗe baki, Verna ta taka mini ƙafa.

"Delbert ne ya adana shi, Yaya. Kullum sai ya ɗauraye shi da hannunsa."

"Allah sarki! Ashe kana da amfani. Zuba mini shayi a ciki, Verna, in tuna Mama."

Verna ta cika mata shi fal. Shekara goma sha tara ban ga hannunta ya zuba shayi da natsuwa haka ba.

Haƙorana yanzu suna cikin gwangwanin wake. Ba su saba ba tukuna.