Kashi na Goma Sha Ɗaya

Ranar da malamar adabi ta shigo mana da littafin nan, ajin gaba ɗaya sai da ya ja tsaki. Ga kauri kamar bulo, ga shi kwafi ɗaya tak, mu kuma mu arba'in ne da ɗaya. Ko kallonmu ba ta yi ba. Ta zaro reza daga jaka, ta tsarga littafin gida goma sha biyu, ta ɗinke kowane kashi da zare da allura muna kallo. Tun daga ranar sunanta ya koma Malama Reza, littafin kuma muka sa masa Bulo.

Dokarta mai sauƙi ce. Kowane benci ya riƙe kashi ɗaya kwana biyu, sannan ya miƙa wa na bayansa. Kashi na sha biyu kuwa ta kulle shi a durowa. Ta ce sai kowa ya gama sauran an dawo mata da su cif, sannan za ta karanta mana ƙarshen da bakinta.

Da farko dole ce ta sa muke buɗewa. Labarin wani mai gyaran agogo ne da ƙanwarsa ta ɓace masa a tashar jirgi, ya rufe shago ya bi duniya nemanta. Ban san ranar da abin ya kama mu ba. Kawai sai na ga ana karatu a ƙarƙashin tebur lokacin lissafi, ana faɗa a kan wa ya ɓata shafi da mai. 'Yan bencin gaba suka fara yi mana yanga, wai sun san abin da ba mu sani ba. Kashi na sha ɗaya ya ƙare daidai inda mai agogo ya tsaya a bakin wata ƙofa ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Nan fa rezar Malama ta bi ta wuce. Haba! Wannan ai mugunta ce.

Ni dai Allah bai ba ni haƙuri ba, ba a banza ake ce mini Rediyo ba, ga shi ni ce monita. Kowa ya gama, saura mutum ɗaya: Dogo. Shi ne babba a ajinmu, shi kaɗai a bencin ƙarshe saboda ƙafafunsa ba sa barin kowa ya zauna. In an tashi, garejin kawunsa yake wucewa. Kashi na sha ɗaya ya shiga hannunsa, ya maƙale. Kwana biyu suka zama mako biyu.

"Dogo, ina kashin?"

"Ban gama ba."

"Shafi ashirin ne fa! Haddacewa kake yi?"

Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Na kai ƙara wurin Malama, ta ce doka doka ce, a jira shi. Ajin ya zama kamar tukunya a kan wuta. Wasu na cewa ƙanwar ce za ta buɗe ƙofar, wasu na rantsuwa ta mutu tuni. Ni ko abinci na zauna ci, hannun mai agogon nake gani a sama.

Ranar Laraba na ce yau sai an yi ta ta ƙare. Ana tashi na bi shi har garejin. Na tarar ya cire rigar makaranta ya rataye a ƙusa, yana kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafun nan a waje. Kawunsa na zaune a kan tsohuwar taya yana wanke sifana a cikin kwano.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa 'yata. Lafiya?"

"Lafiya lau. Littafinmu na zo karɓa."

Dogo ya fito da sauri har ya buge goshi. Ya ƙifta mini ido, ya girgiza kai. Na gani sarai, amma bakina ya riga ya buɗe.

"Baba, ka yi masa magana. Kowa ya gama, shi kaɗai ya riƙe mu mako biyu. Wallahi ya karanta, na gan shi ya kai shafin ƙarshe sau uku. Yana kawowa yau, gobe an gama littafin."

Kawun ya ajiye sifanar a hankali. Ya dubi Dogo ya daɗe.

"Ashe haka ne? Tun farkon zango na ce ka bar makarantar nan ka kama aiki sosai. Ka roƙe ni in bari ku gama littafin da kuka fara, na ce na yarda. Kullum na tambaya sai ka nuna mini takarda ka ce da saura."

Dogo ya nufi wajen ƙusar. Ya goge hannu da tsumma, ya zaro kashin daga aljihun rigar da ke rataye. Ya naɗe shi a leda don kada baƙin mai ya taɓa shi. Ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, na rasa ta inda zan fita daga garejin.

Washegari Malama ta buɗe durowa. Ajin ya yi tsit, har masu leƙe daga wasu azuzuwa suka cika taga. Ta karanta, wasu suka yi kuka, wasu suka buga tebur. Ni kuwa abin da na shafe mako biyu ina haukan ji, rabinsa ma bai shiga kunnena ba. Ina ta waiwayen bencin ƙarshe, babu kowa a kai.

Da aka tashi na faɗa wa Malama komai. Ta cire tabarau ta riƙe. Ta ce za ta je ta ga kawun, kuma ta je har sau biyu, bai sauya magana ba. Sai ta ba ni kashi na sha biyu ta ce in kai wa Dogo, haƙƙinsa ne.

Na same shi yana ɗaure ƙafar mota. Na miƙa masa, kunya kamar ta kashe ni.

"Ka yafe mini, Dogo. Ga ƙarshen. Ka san da ya ƙwanƙwasa..."

"Rediyo!" Ya ɗaga hannu. "Kashe."

Na rufe bakina. Ya dubi takardun, bai taɓa su ba. Ya waiwaya wajen ƙusar, rigar makarantar tana nan a rataye inda ya bar ta.

"Mayar wa Malama ta ajiye mini a durowa," ya ce. "Ki ce mata ban gama ba."