Sunan da Inusa Bai Faɗa Ba

Wata huɗu da kifewar kwalekwalen Inusa a tafkin Madarumfa, matarsa Atika ta haifi ɗiya mace. Shi Inusa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ɓoye-ɓoyen tsiya. Tun cikin na wata uku ya ce mata ya zaɓi suna, ya rubuta a tabilet ɗinsa, amma ba za ta ji ba sai ranar suna. Ga shi gobe ne sunan, kuma wansa Tanko ya aiko cewa in ba a gano ba kafin ya zo yi wa jaririya huɗuba, sunan uwar matarsa zai sa. Abin ya ci wa Atika rai ƙwarai.

Bayan azahar ƙanwarta Farida, mai koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta garin Safo, ta iso. Ta kunna tabilet, ta ja tsaki.

"Yaya, komai da Larabci ya sa! Ni ina zan gane wannan?"

Haka yake. Inusa ɗan makarantar allo ne, da ajami yake rubuta komai. Farida ta yi ta lalube, ta shiga alamar saiti, ta bi hoton duniya, ta jawo Faransanci ta aza sama. Rubutun ya juye zuwa hagu. Ta duba duk abin da ya ajiye, ba komai sai ranakun ban ruwan albasa da tumatir.

"Bari in canza kilabiye ma, haruffan da ake dannawa, in rubuta kalmar suna ya nemo mana," in ji Farida. Sai ta tsaya. "Tabilet ɗin ya ce in na cire na Larabcin, duk kalmomin da ya koya daga hannun mai shi za su goge."

"Koya kuma? Ƙarfe ke koyo?"

Farida ta nuna mata siririn layin da ke saman haruffa, inda yake kawo kalmar da mutum ya saba rubutawa. Atika ta yi allo har izu biyar, ajami ba ya gagararta. Ta leƙa. Kalma ɗaya ce a layin: Atika.

Ta sa yatsa ta taɓa. Wata ta fito, ta taɓa, wata ta biyo. Kalmomin suka haɗu suka zama: Sannu da sauka lafiya.

"Wayyo Allah! Farida, ya taɓa rubuta wannan?"

"Ƙila wata ce ya yi wa barka," in ji Farida.

Atika ta ci gaba, hawaye na ɗiga kan gilashin. Layin ya kawo: Yarinyar tana da goshina. Da rana ne fa, awaki na kuka a waje, mata na dakan gobe a tsakar gida, amma ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa. Ta tsorata, ta kuma ji daɗi, don wallahi ta yi kewarsa.

"Yaya, don Allah ki bari."

"Sunan kawai nike so. Sunan kawai."

Ta taɓa. Sunan yana wurina. Ta taɓa. Ki zo bakin ruwa ki ji. Ta janye hannu, amma layin bai jira ta ba, da kansa ya ƙara: ki taho da ita.

Jaririyar da ke barci a gado ta callara kuka. Sai a lokacin Atika ta ga ashe ta miƙe tsaye, har ta yafa mayafi, ba ta san sa'ad da ta yi ba. Ta duƙa ta ɗauki ɗiyarta, ta rungume ta gam a ƙirji, ta koma ta zauna.

"Goge, Farida."

"Sunan fa, Yaya?"

"Na ce ki goge!"

Farida ta yi bisimilla ta danna. Haruffan Faransanci suka jeru, layin sama ya zama wayam.

Da safe Tanko ya raɗa wa jaririya sunan uwar matarsa, Indo, a kunne, liman ya yi addu'a, aka raba goro. Atika ta shafa fatiha tare da kowa. Da mata suka shigo barka suna tambayarta ko sunan ya yi mata, ta ce ya yi, ta juya fuska bango ta yi kuka mai isarta.