Zoben Malam a Bakin Teku

Inna Mu'mina ba ta taɓa ganin teku ba, kuma ba ta da niyyar gani. Ruwan da ta sani shi ne na fadamar Miga, wanda in damina ta kankama yake haurowa ya cinye wa mutane shinkafa, ya koma abinsa ko kunya babu. Wannan ma ya ishe ta. To sai Allah ya ba ta ɗa mai son ruwa kamar agwagwa.

Talha ke nan, autanta. Tun yana ƙarami in an neme shi an rasa, ba a wahalar cigiya, a nufi bakin ruwa, za a same shi rub da ciki bisa goran masunta, idanu jajur. Ta yi duka, ta yi faɗa, ta yi kuka. Mijinta Malam Abdulƙahar, mai makarantar allo a ƙofar gida, sai ya ɗago kai daga buzu ya ce, "Ƙyale shi, wataƙila a nan abincinsa yake." Ai kuwa haka aka yi. Yaro ya girma ya samu gurbin karatun injiniyan jirgin ruwa can Afirka ta Kudu, a wani gari na bakin teku. Malam bai ga ranar tafiyar ba, ya riga ya rasu.

Ranar da zai tafi, Inna ta kira shi ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ta fito da zoben azurfar Malam. Ita da kanta ta zura masa a yatsa. Ta ce, "Auta, wannan na mahaifinka ne. Ban yarda ka cire shi ba, ko wanka ko barci, har sai ranar da wani ya cire maka." Ya ce, "To, Inna." Shi ke nan maganar, kuma a gidan Malam in uwa ta ce ban yarda ba, an gama.

Shekaru suka ɗan ja. Wata Juma'a Inna ta shiga ƙaramar bas ta zo Dutse awon hawan jini, ta sauka gidan 'yarta Radiyya, malamar firamare, wadda ke aure a can. Bayan sun dawo daga asibiti suka shimfiɗa tabarma a inuwar dabino suna ɓarar gyaɗar da Inna ta taho da ita. Radiyya dai ba ta iya ɓoye abu ba tun tana goye. Ta ɓare biyu ta tsaya, ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Ke, in magana ce ki faɗa, kin ishe ni da mutsu-mutsu," in ji Inna.

"Inna, likita ya ce jinin naki ya sauka, ko?"

"Ya sauka. Ke kike shirin hawar da shi?"

Radiyya ta matso ta kunna mata bidiyo. Ruwa ne shuɗi, iyakar ganinka, ba gaɓa ba bishiya. A kansa mutane tsaye bisa wani dogon katako, kowa ya riƙe wani ƙaton ƙyalle mai launi da aka kafa a sanda, iska na tura su a guje. Ba inji, ba sandar tuƙi, iska kawai. Can sai ga ɗaya ya taho ya karkata har bayansa na shafar ruwa, ya juya ƙyallen, ya wuce yana ƙyalƙyala dariya.

"Kai! Wannan ɗan wace marar sa'a ne?"

"Naki ne, Inna."

Inna ta karɓi wayar ta kai ta kusa da hanci. Shi ne, wallahi. Ya yi baƙi, ya yi faɗin kafaɗa, amma wushiryar nan tana nan. Abin da ya tsaya mata a rai dariyar ce. Rabon da ta ga Auta yana dariya har haka tun Malam na raye.

Radiyya ta ce ranakun da ba karatu yana aiki a wurin, yana koya wa baƙi hawan katakon. Inna ta buɗe baki za ta yi faɗa ke nan, sai wata jiniya ta tashi a cikin wayar. Mutanen kan ruwa suka juyo gaba ɗaya suka nufo tudu. Na kan tudu suna ta ihu suna nuni. Talha kuwa a garin juyawa iska ta kwashe ƙyallen, ya faɗa ruwa tsundum. Yana kokawar hawa, sai wani baƙin abu mai tsini kamar bakin garma ya tsago ruwa a bayansa, ya zagaya, ya nutse. Talha ya haye katakon, iska ta ɗauke shi. Bidiyon ya ƙare.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mene ne wancan?"

"Kifi ne. Shak ake ce masa."

"Kifi? Kifi dai da muke soyawa?"

"Wannan shi ke cin mutum, Inna. Ya fi tabarmar nan tsawo nesa ba kusa ba. Abin da kika gani ƙayar bayansa ce kawai."

Gyaɗar da ke cinyar Inna ta zube ƙasa, kaji suka yo kai, ba wanda ya kore su. Radiyya ta riƙe mata hannu ta yi mata bayani a hankali. Ta ce bana an yawaita ganin kifin a wannan gaɓar. Akwai masu gadi da ke zaune kan tsauni da madubin hangen nesa, da sun hango shi su busa jiniya, kowa ya fito. Akwai kuma dokoki: ba a shiga da sassafe ko da almuru, ba a shiga da rauni mai jini, ba a shiga mutum shi kaɗai. Sannan ba a shiga da abu mai ƙyalli a jiki, domin in rana ta doke shi a cikin ruwa sai ya yi walƙiya irin ta jikin ƙananan kifayen da shak ke farauta. Kowa kafin ya shiga yana cire agogo, yana cire sarƙa.

Inna ta dubi Radiyya, ta gane tun kafin a faɗa.

"Zoben," in ji Inna.

"Ya ƙi cirewa. Yana naɗe shi da baƙin salatif, ruwan gishiri na ɓanɓare shi. Ranar nan da ya fito, salatif ɗin babu, zoben na ta sheƙi. Ba wanda zai rantse shi ya jawo kifin, Allah kaɗai ya sani. Amma mai wurin ya ce ko ya cire ko ya daina shiga ruwa a nan. Shi ne Talha ya ce ya bar aikin. Yanzu can wani lungu na gaɓar yake zuwa, inda babu masu gadi, babu jiniya. Gobe ma zai je, ya ce iskar gobe mai kyau ce."

"Shashasha! Sakarai! Ba shi da baki ne? Kullum muna waya yana tambayata akuyoyi, bai iya cewa Inna ga halin da nake ciki ba?"

"Na ce masa ya faɗa miki. Ya ce ya ga fuskarki ranar da kika sa masa, ba zai iya roƙonki ki janye ba. Ya kuma ce in na gaya miki ba ni ba shi. To ga shi na gaya."

Inna ta miƙe, zane na warwarewa. "Kira min shi. Yau zai bar ruwan nan. Ya tattara ya dawo Miga ya yi noma, gonar ubansa na nan."

"Zai dawo kuwa, Inna. Kin san in kin ce ya bari, ya bari ke nan har abada, ko tambaya ba zai yi ba." Radiyya ta mayar da bidiyon baya, ta tsayar da shi daidai inda yake dariya, ta ajiye wayar a tabarma. "Ni dai bari in duba tukunya."

Ta shige madafa ta bar tsohuwa da hoton.

Inna ta zauna. Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ba don laifi ba ne, don dai ba ya faɗuwa. Ranar da Malam ya cika, da hantsi ne, kansa na bisa cinyarta. Kafin maza su shigo su yi masa wanka, ita ta cire zoben. Ya ƙi fita, sai da ta shafa man gyaɗa ta murza a hankali. Da ya fita sai ga wurin fari fat, zagaye da yatsan, fatar da rana ba ta taɓa gani ba. Ta riƙe yatsan nan tana jira ya motsa, bai motsa ba. Tun daga ranar, a wurinta yatsan da aka cire wa zobe yatsan mamaci ne. Shi ya sa ta ɗaure Auta da wannan magana. So take kada ta taɓa jin an ce zoben ya bar hannunsa. Ashe da bakinta ta rataya masa abin da zai kira masa ajali, ita tana nan tana ba akuya dusa.

Ta yi kuka sosai, irin na tsofaffi, marar sauti. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta sake duban wushiryar nan.

"Radiyya! Zo ki kira shi. Irin kiran da ake ganin mutum."

Waya ta yi ta ƙara, sannan ga Talha a ɗakinsa, littattafai a baya. Da ya ga fuskar Inna ya zame daga kujera ya durƙusa, kamar tana gabansa.

"Inna, ina wuni? Ya jikin? Me likita ya ce?"

"Likita ya ce in rage tunanin shashashai. Nuna min hannunka."

Ya saci kallon yayarsa ta gefen waya. Radiyya ta kau da kai tana kallon dabino, sai ka ce yau ta fara ganinsa. A hankali ya ɗago hannun. Ga zoben, ga sauran danƙon salatif baƙi-baƙi a gefensa.

"Auta, ni na haife ka ko kifi?"

"Ke ce, Inna."

"To me ya sa za ka kai masa abin da na sha wuya a kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Kin ce ba ki yarda ba."

"Na ce. Yanzu kuma na ce cire."

"Inna, in don ruwan ne, sai in bari. Wallahi zan bari, ba sai na cire ba."

Ga shi nan ya miƙo mata abin da take so, a sauƙaƙe. Kalma ɗaya za ta faɗa. Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ya faɗi maganar yana haɗiyar yawu, irin yadda yake yi yana yaro in an ce ya ba baƙo naman da ke hannunsa.

"Wa ya ce ka bari? Mahaifinka ya ce a ƙyale ka, ni ban isa in karya maganarsa ba. Ka koma wurin masu jiniya, ka ba mutumin nan haƙuri. Lungun nan kuwa, in ka sake taka shi, wannan ne ban yafe ba. Cire zoben ina gani."

Ya ja, zoben ya ƙi. Ya murza, ya ƙi. Yatsan ya yi kauri a ƙarƙashinsa.

"Akwai man gyaɗa a ɗakin?" in ji Inna. "Shafa kaɗan. Kada ka fizga. Murza a hankali, kana ja."

"Inna, a ina kika iya wannan?"

"Yi abin da na ce."

Ya ɗauko man girkinsa ya shafa. Ya murza, ya murza, zoben ya haye gaɓa, ya faɗo tafin hannunsa. Ya ɗago hannun ya nuna mata. Ga wurin nan fari fat, zagaye da yatsan, sak irin wancan.

Inna ta runtse ido. Radiyya ta ji hannun tsohuwa ya damƙe mata gwiwa har da zafi, ba ta san dalili ba, ba ta kuma tambaya ba.

"Inna? Inna, lafiya? In mayar?"

Ta buɗe ido. "Motsa shi."

"Na'am?"

"Yatsan. Motsa shi in gani."

Talha ya lanƙwasa yatsan, ya miƙe shi. Ya sake lanƙwasawa. Abin ya ba shi dariya, ya haɗa da sauran yatsun yana kaɗa mata su kamar mai kiran kaji, mai na ta sheƙi a hannun. Inna tana kallo, hawaye na zuba, tana dariya ita ma.

"Kuma, sake," ta ce. Ya sake.

"To yanzu ina zan ajiye shi?" ya tambaya.

"A aljihun rigarka, a kan tudu. In ka fito ka mayar." Ta matso da wayar har numfashinta na dusashe gilashin. "Na canja maganar, Auta, ka ji ta da kyau. Kullum kai za ka cire, kai za ka mayar, da hannunka. Ni dai kada wani ya cire maka ina raye."