Ƙara a Bayan Jar Mota

Surajo makanike ya danna bayan motar da hannu biyu, ya saki, ya kasa kunne. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru dai.

"A tsaye ba ta yi," in ji Magaji, mai motar. "Sai na hau gargada. Sai ka ji kwaram-kwaram, kamar ana buga gwangwani."

Magaji malamin gona ne da aka turo daga Kano. Motar kuwa tsohuwa ce ja, mai kujera biyu, ba rufi, ya saye ta a hannun wani Bature da ya gama aikin dam ɗin Tiga ya koma gida. Duk Tudun Wada babu irinta. Surajo ya buɗe but, ya fitar da jak da sifana, ya ɗaure safayar taya. Ya kwanta ya girgiza salansa, ya ji ta daram.

"Sai mun taka ta, ranka ya daɗe."

Suka shiga, Magaji na tuƙi. A kan titi motar ba ta ce uffan ba. Da suka yi nisa sai Magaji ya karya kan wata tsohuwar hanya da ciyawa ta fara cinyewa.

"Wannan za ta yi, ko? Ban san inda ta nufa ba."

Surajo ya sani. Hanyar Unguwar Kyauta ce, ƙauyen da aka haife shi. Tun ranar da motocin gwamnati suka kwashe su saboda ruwan dam, bai sake bin ta ba. Ya buɗe baki, sai ƙarar ta fara, ya rufe.

"Ka ji ta?"

"Na ji. Rage gudu. Ɗan taka burki."

Ƙarar ba ta canza ba, ke nan ba burki ba ne. Surajo ya juya ya durƙusa a kan kujera, ya kwantar da kunnensa a bayan motar. Daga hagu take fitowa, bugu ɗaya kan kowane rami. Ta gefen ido yana ganin abubuwa suna wucewa, ga dutsen da mata ke shanya gari, ga tsamiyar da ake sauke kaya ranar kasuwa. Ya gane su kamar yadda mutum ke gane kayan wani.

Magaji ya tsaya, don hanya ta ƙare. Ta gangara ne kawai ta shige ruwa.

"Kai, dubi kyan wuri!" Ya fito yana miƙa. "Wata rana sai na kawo iyali."

Ruwa ne har iyakar gani. Can ciki, rassan wata kuka sun leƙo, busassu, balbelu na kai. Surajo ya duba sau ɗaya, ya auna da ido daga kukar zuwa gabas, inda maƙabarta take, inda suka binne Baba. Ba komai sai ruwa. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji ba.

Ya sa jak, ya cire tayar hagu, ya kwanta a laka. Ya kama shokozoba ya jijjiga, ta ce kwaram. Robar da ke idonta ta cinye, ƙarfe na bugun ƙarfe.

"Ga ta nan. Roba ce."

"Ita ke nan? Wata nawa tana hana ni sakat!"

Surajo ya yanki tsohon tub ɗin taya, ya naɗa, ya cusa, ya ɗaure noti. "Zai riƙe ka zuwa Kano. A can sai ka sa sabuwa."

A hanyar dawowa motar ta yi tsit. Magaji na ta fito da baki, yana neman ramuka da gangan.

Bayan la'asar Surajo ya shiga gida, a sabuwar unguwar da aka yanka musu. Mahaifiyarsa, Kubura, na zaune a tabarma tana tsince wake. Ta dubi bayan rigarsa, ta daɗe tana duba.

"Wannan baƙar laka ta fadamarmu ce."

"E, Inna. Aiki ne ya kai ni."

"Kuka fa?"

"Kanta kawai ake gani."

Hannunta bai bar faifan ba. "Su malam fa? Kabarin babanka?"

"Ruwa ya rufe."

Ta cire wata 'yar tsakuwa, ta ajiye a gefe. "Ka yi masa addu'a?"

Surajo ya yi tunani. Ya tuna noti, ya tuna robar, ya tuna sanyin laka a gadon bayansa.

"A'a, Inna."

Ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Motar dai ta gyaru?"

"Ta gyaru."

"To, madalla. Cire rigar in jiƙa."