Ƙayar Aduwa a Goshin Asibi

Duk kasuwar Tanut babu mai damun fura irin na Asibi, ko maƙiyinta ya san haka. Da ƙwaryar nan take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Sai ga wani ɗan banzan amosani ya sauko mata daga kai zuwa gira da gefen hanci, fata ta yi ja tana ɓarewa. Raishatu, mai fura a rumfar gefe, ba ta ɓata lokaci ba.

"Ku sha dai, bayin Allah," take ce wa Buzaye masu raƙuma, "yau furar Yaya Asibi har da garin fuska."

Ciniki ya tsaya cak. Asibi ta nufi likita. Anfirme Audi, ma'aikacin jinya, ya ba ta man Turawa a ɗan bututu, ya ce, "Inna, kaɗan-kaɗan, shafa guda. Da ya lafa ki bari, yana da ƙarfi."

Kaɗan? Matar da ta saba laɓta man shanu a kai har ya zubo wuya! Ta yi ta dambara shi safe da yamma, da ya ƙare ta koma ta ce wancan ya ɓace, aka ba ta wani. Ƙaiƙayi ya tafi, masu saye suka dawo, ta yi murna har da guɗa. Amma inda man ya daɗe yana zama, fatar ta koɗe, goshinta ya yi dabbare-dabbare.

Raishatu ta fara raɗa kalma guda: kuturta.

Ran kasuwa aka kira Dodo wanzami ya gwada ta a gaban jama'a. Shi ya taɓa ganin masu duba kuturta suna gwaji, ya san tabon kuturta ba ya jin tsini. Asibi kuwa ba ta taɓa jin labarin wannan gwaji ba, kuma babu wanda ya ga dama ya gaya mata. Dodo ya karyo ƙayar aduwa.

"Rufe idonki, Asibi."

Ya soka mata a goshi. Zafin ya ratsa har haƙoranta. To amma ita ce ta haihu ba a ji ko nishinta a bayan zana ba. Yau ta yi raki gaban maza, gaban Raishatu? Ta cije, ko gira ba ta ɗaga ba. Ya sake sokawa, jini ya tsattsafo. Ta tsaya ƙyam, har tana jin daɗin kanta.

"Ba ta ji ba!" in ji Dodo, ya yar da ƙayar ya ja baya.

Mutane suka dare. Wani da ya sha furarta da safe ya dinga tofar da yawu. Sai a nan ta gane.

"Na ji! Wallahi na ji! Ku sake, zan yi kuka!"

Yanzu kam ta yi kukan, mai yawa ma, amma babu wanda ya matso. Raishatu ta sa ƙafa ta ture mata ƙwarya, ta jawo tata tabarmar cikin inuwar rumfar Asibi.