Kunnen Kesia

A lokacin shekarata ta biyu ke nan a wata makarantar kan dutse, a Papua New Guinea, ina koyar da ajin ƙananan yara su goma sha bakwai. Littafin da aka ba ni ya ce a wannan shekarar ƙidaya ta tsaya a goma. Ni kuwa mai bin tsari ce.

Mutanen wurin da jiki suke ƙirga. Su fara daga babban yatsan dama, su bi hannu zuwa kafaɗa, wuya, kunne, ido, hanci, su gangara ɗaya gefen. Kesia, 'yar shekara biyar, ta iya wannan tun a gindin kakarta. Kullum da safe sai ta ƙirga 'yan ajin, yatsanta ya sauka a gefen wuyanta na hagu. Goma sha bakwai ke nan.

"Ga tsohuwa ta fara susa!" in ji Yanop, sarkin tsokana, aji ya kwashe da dariya.

Nakan kama hannunta a hankali in ɗora mata a cinya. "'Yata, mu tsaya a goma tukuna. Sauran sai baɗi."

Wata Alhamis na kai su bakin rafi tsintar duwatsun ƙirga. Hazo ya sauko da wuri, na tattara su a gaggauce, ban ƙirga ba. Duk tsawon hanya Kesia na riƙe da kunnenta na hagu, tana dubana.

"Ciwo yake miki?"

Ta girgiza kai.

Sai da muka shiga aji na ga tabarmar Yanop babu kowa. Kunnen hagu goma sha shida ne, saura ɗaya a kai wuya. Na durƙusa a gabanta. "Kin sani? Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ya wuce goma, Malama. Kin ce sai baɗi."

Iyaye suka bazama da adduna. Kafin faɗuwar rana aka same shi a maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya kai masa ƙirji, da ransa. Ya warke, amma bai sake tsokanar kowa ba, bai kuma sake kusantar rafi ba.

Yau shekara ashirin da uku. A ajina yaro na ƙirga iya inda ya iya, har ma in tura shi gaba. Amma duk sanda hazo ya sauko, sai in tsinci hannuna a kunnena na hagu, ina jiran ya gangara wuya.