Mai Gasa Kelbasa a Kwanar Farko

Bogusia tana juya kelbasa, wato niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji, a kan gawayi lokacin da babura huɗu suka zabura daga layi a bayanta, ƙasa ta ɗauki rawa har kwalbar mustad, yajin da take malala wa nama, ta gusa a kan tebur. Ba ta waiwaya ba. Kai kawai ta sunkuyar, ta jawo tawul ta rufe burodi, don in sun shigo kwanar farko a karkace sai tayoyin baya su watso jar ƙasa har cikin rumfarta. Duk wanda ya taɓa cin gashin Bogusia ya san yana ɗan garas-garas a haƙori. A garinmu ba mai ƙorafi a kan wannan, wasu ma cewa suke nan daɗin yake.

Shekara da shekaru tana gashi a saman tudun 'yan kallo, ta ba fili baya, kuma ko tsere ɗaya ba ta taɓa gani da idonta ba. Da can rashin sarari ne. Tun da ɗanta Radek ya shiga ƙungiyar garin kuwa, sai abin ya koma tsoro tsagwaronsa. Ita dai har gobe ba ta gane hankalin wanda ya ƙera babur ya ƙi sa masa birki ba, balle na wanda ya hau. A fuskokin masu sayen nama take karanta tseren: in bakuna sun buɗe ta daina numfashi, in an fara zagi ta san kowa lafiya.

Bara Radek ya daki shinge, ya karye a kafaɗa da haƙarƙari. Ya warke, ya dawo, amma bana a filin gida ko sau ɗaya bai zo na farko ba. Ran Juma'a yana shan miya a kicin, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce mata in Lahadin nan ma bai ci tsere ko guda ba, ya rataye takalmin ƙarfensa na tsere ke nan, zai je garejin Kawu Marian ya kama gyaran manyan motoci. Bogusia ta ce masa ya ƙara dankali. Amma a ranta murna ta yi irin wadda ta daɗe ba ta yi ba. Da safen Lahadi ta biya coci ta kunna kyandir, ta roƙi Allah ɗanta ya zo na biyu. Ba ta son ya ji kunya. Na biyu dai, lafiya lau, har a tashi.

Bayan tsere na huɗu aka shigo da tarakta da motar ruwa don gyara fili, jama'a suka yo tudu neman abin taɓawa. Pan Lutek, wato Malam Lutek, shi ne a gaba kamar kullum. Tsohon direban bas ne, abokin marigayi mijinta, kuma tun da ya yi ritaya ya ɗora wa kansa aikin gyara wa duniya kuskurenta, ya fara da ƙungiyar garinmu. Tun kafin ya iso bakin tebur ya buɗe shari'a. Masu talabijin ne suka fara shan nasu, don su suka mai da wasa tsakar rana, sai ka ce ba su san rana na shanye ruwan fili ba. Sai masu tsara jadawali, waɗanda suka jera mana wasa uku a waje sannan suka kawo mana mafi ƙarfin ƙungiya a gida. Sai mai gyaran fili, wanda ya daddale cikin hanya kamar siminti, ya tura duk ƙasa mai kama taya can bakin shinge.

"Yau nasara tana waje, Pani Bogusia," in ji shi, yana tofar da ɓawon 'ya'yan furen rana. "Wanda ya bi shinge shi ke da rana. Naki kuwa, ki yi haƙuri, ya manne a ciki kamar tsohuwa ta riƙe ƙarfen bas."

"Na nawa ya zo?"

"Na uku. Da ƙyar."

Ta zaɓo masa kelbasa mafi girma, ta malala mustad. Lutek ya daɗe yana mamakin matar nan, wadda in ka soki ɗanta sai ta ƙara maka nama, amma bai taɓa tambaya ba, don kada a gyara kuskuren.

Masu layi suka sa baki. Wani ya ce injin yaron ne ya gaji, makanikensa kuma ba ya bambanta ƙarar babur da ta injin yankan ciyawa. Wata mai ɗauke da jika ta ce ba inji ba ne, budurwa ya yi. Wani ya ce koci ne ke ba shi mugun gurbi a layin tashi. Kowa da nasa, kuma kowa ya rantse shi ya gano. Bogusia tana ji tana miƙa burodi, zuciyarta fes.

Tserensa na biyu ya zo na biyu. Na uku ma haka. Ta fara tunanin kyandir ɗin nan ya yi araha.

A hutu na gaba wani ƙato daga magoya bayan baƙi ya ɓullo rumfar, da gyalen ƙungiyarsu a wuya da kofin giya a hannu. A ɓangarensu, in ji shi, naman kamar tayar keke yake. Yana jira a gasa masa ya shiga yi wa mutanen gari godiya da suka bar musu wannan Radek ɗin a fili. Ya ce da a garinsu ne da tuni an saya masa keken yara mai ƙafa uku. Wasu suka yi dariyar yaƙe, wasu suka saci kallon Bogusia. Mutumin bai san a gaban wa yake ba, ya ci gaba.

"Ba sai an wahala ba, matsoraci ne. In zuciya ta mutu, ko injin jirgi ka ɗaura masa a banza."

Lutek ya ajiye burodinsa. Shi da ya shekara yana yanka yaron nan gunduwa-gunduwa, yau wuyansa ya yi ja.

"Kai, mai gyale, rufe mana baki. Namu ne, mu ke zaginsa. Ni na ga yaron nan yana ɗan shekara sha shida yana goga gwiwar hannu da shinge yana wuce manya. Matsoraci? Je ka tambayi waɗanda ya cinye a filinsu wancan satin. Ka buɗe ido ka kalla, in giya ta bar ka. A waccan kwanar lafiyarsa ƙalau. A wannan kaɗai yake sakin totur, nan ƙarƙashin hayaƙin rumfar uwarsa. Ba shinge yake tsoro ba."

Sai da maganar ta gama fita ya tuna inda yake tsaye. Ya ɗauki burodinsa ya cusa a baki duka, kamar mai son toshe ƙofar da ɓarna ta riga ta fita. Baƙon ya dubi Bogusia, ya dubi Lutek, ya biya kuɗinsa ya ce ta riƙe canji, ya sulale.

Bogusia ta ci gaba da juya naman da ba ya buƙatar juyi. A nan kwanar Radek ya faɗi bara, ƙasa da rumfarta kaɗan, ta ji ƙarar kuma ta ga sauran a fuskokin mutane. A asibiti ta kama hannunsa tana kuka, ta ce masa in ya sake dukan shingen nan, ya sani ita za a fara binnewa. Ta faɗa ne kamar yadda uwaye ke faɗa, ta manta. Ashe shi bai manta ba. Duk wannan shekara yana shigowa kwanar nan da ita a goye, ana yi masa ihu, ana ce masa tsohuwa, bai taɓa ce mata uffan ba. Kunya ta kama ta, da tausayi, da wani haushi da ba ta san wa za ta ɗora wa ba. Tana son ya daina, wannan gaskiya ne, kuma har yanzu tana so. Amma ba ta son ya shiga garejin Marian da sunan matsoraci, ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mota yana jin ƙarar fili daga nesa.

Lasifika ta kira tsere na goma sha uku, na ƙarshe ga Radek. Ta miƙa wa Lutek dogon cokalin gashi ta ce ya kula da wuta. Kafin ya buɗe baki ta gangara matakala, da jar rigar aikinta a jiki, tana ture gwiwoyin mutane. Waɗanda suka san ta suka riƙa zungurin juna. Aka buɗa mata har bakin ƙarfen da ke gaba, inda 'yan kallo ke kare fuska da kwali.

Filin ya fi yadda take zato ƙanƙanta, shingen kuma ya fi kusa. Mahaya huɗu suka fito daga wurin makanikai suna tafe a hankali zuwa layi. Ta gane nata tun kafin ta ga shuɗiyar hularsa, daga yadda yake ɗage kafaɗar hagu kamar ubansa. Da ya zo daidai kwanar ya ɗaga kai wajen hayaƙin rumfa, ya ga Lutek da cokali. Sai ya sauko da ido ya gan ta. Babur ɗin ya ɗan yi tangaɗi.

Bogusia ba ta san abin da ake yi a irin wannan wuri ba. Ta dunƙule hannun dama ta murɗa shi a iska, kamar yadda ta ga yana yi a kan cokali tun yana yaro, sannan ta nuna masa bakin shinge da yatsa, da ƙarfi, irin nunin da take yi masa in ya bar takalmi a tsakar ɗaki.

Igiyar da ke tare layin tashi ta ɗaga sama. Radek ya makara, ya shigo kwana yana na uku, ƙasa ta watso mata a fuska har cikin baki. Ba ta rufe ido ba, ko da yake ta so. A zagaye na biyu ya buɗe waje, can inda ƙasa ta taru, babur ya kama ya yi tsalle gaba, ya wuce ɗaya daga baƙin. Tudu ya miƙe tsaye. Saura na gaba, wani gogagge da ya san kan tsiya, yana rufe ciki yana buɗe baya. Radek ya bi shi zagaye guda bai samu ƙofa ba. A na ƙarshe ya shigo kwanar farko bai saki komai ba, ya tafi waje har tayar baya ta shafi shinge a gabanta, ta ji zafin inji a kumatunta. Daga nan suka jera kafaɗa da kafaɗa har ɗaya kwanar, kuma a bakin tuta tayar Radek ce a gaba.

Wata mata da ba ta sani ba ta rungume ta. Wani ya zuba mata giya a takalmi. Sai a lokacin ta ji maƙogwaronta na zafi, ta gane ashe ihu take yi tun ɗazu, kuma aka ce wasu kalmomin ba na ranar Lahadi ba ne.

A ƙarshe baƙi ne suka ci wasan da ɗan rinjaye, Lutek kuma ya ƙona kelbasa rabin tire yana kallon fili, ya ce laifin gawayi ne. Suna cikin kankare wayar gashin nama Radek ya hauro tudun, rigar tsere a zuge zuwa ƙugu, fuska duk ƙasa sai zagayen ido. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar yaron da ya fasa tagar maƙwabta.

"Mama, na ci ɗaya," ya ce. "Kin san abin da muka yi da ke."

"Na sani. Ina wurin."

Ta cusa hannu cikin aljihun rigar aikinta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta tabbatar komai na jikinsa yana inda ta bar shi. Tana jin tsoron nan yana zaune daram a cikinta, bai rage ko kaɗan ba, kuma ta san yanzu ba ranar tashinsa.

"Amma tashinka daga layi ba kyau," ta ce. "Igiya ta ɗaga kana nan kana tunani. Da ka tashi da mutane da ba ka sha wannan wahalar ba."

Lutek ya ce ba laifin yaro ba ne, gurbi na uku yau rami ne, kowa ya gani. Ta ce ita ma ta gani, ba wani rami, barci ne. Radek ya tsaya yana kallon wannan yana kallon waccan, baki buɗe. Ta ɗauko ƙonanniyar kelbasa ɗaya ta kankare baƙin, ta sa a burodi ta miƙa masa, sannan ta tambayi Lutek ina ne wasan mako mai zuwa. Ya faɗi garin, ya ƙara da cewa filinsu siriri ne, kwanoninsa kamar gwiwar hannu, shingen kuma kusa.

Bogusia ta juya ta dubi Lutek.

"To, Pan Lutek," ta ce, "ka share kujerar gaba ta motarka. Ba na zama a kan ɓawo."